QGIS da ArcGIS Pro: tulba ko ribon, wanne ya fi daɗin hannu?

Jama'a assalamu alaikum. Na daɗe ina son in zauna in rubuta wanga bayani, don yaran da ke zuwa koyon aikin taswira wurina nan Birnin Kebbi tambayarsu ɗaya ce kullum, Malam wanne za mu kama, QGIS ko ArcGIS Pro? Kuma duk wanda sunka tambaya sai ya fara musu da maganar kuɗi, wai QGIS kyauta ne Pro kuma sai da lasisi, shi ke nan magana ta ƙare. Maganar kuɗi tana nan kuma zan taɓa ta can ƙasa, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai bayan na yi aiki da su duka biyun shi ne inda anka ajiye maɓallan aiki a saman allo, domin nan ne hannunka zai wuni yana kai da komo tun hantsi har la'asar sakaliya, kuma ba kowa ke maganarsa ba.

Ga wanda bai taɓa buɗe su ba, bari in siffanta. In ka buɗe QGIS za ka ga ƙananan alamomi jere a sama, layi biyu ko uku, ga fensir ga maganaɗisu ga hannu ga madubin ƙara girma, kowane rukuni sunansa tulba, kuma kana iya kama shi da maus ka ja shi ka kai gefen hagu ko dama ko ƙasa, ko ka bar shi yana shawagi tsakiyar allo, ko ka kashe shi baki ɗaya. ArcGIS Pro kuwa wata faffaɗar ɗamara ce anka shimfiɗa a sama wadda suke kira ribon, irin dai wadda ka sani a Word da Excel, an raba ta tab-tab, ga na Map ga na Insert ga na Analysis ga na Edit, in ka danna ɗaya kayan cikinsa su fito na ɗayan su ɓuya. Ni yadda nake faɗa wa yara shi ne, tulba kamar bakaniken babur ne da ya shimfiɗa buhu ƙasa ya baje sifanu da filaya da sukudireba inda hannunsa zai kai ko bai duba ba, ribon kuma kamar kabad ne mai durowa-durowa, kowace an rubuta mata suna a goshi, tsaf-tsaf, amma sai ka jawo kafin ka ɗauka.

Ni da ArcMap na fara, wato tsohuwar manhajar da Pro ya gada, kamar yawancin waɗanda sunka koyi aikin nan a makarantunmu. Kamfanin Esri na Amurka ya fito da shi tun 1999, kuma shi ma tulbobi gare shi, har ma ya fi QGIS sakin hannu ta wannan fanni don kana iya shiga wurin gyaran fuska ka ƙirƙiri sabon tulba naka na kanka ka jawo maɓallan da kake so ɗaya bayan ɗaya ka zuba. Duk wannan gyaran wani ɗan fayil ne mai suna Normal.mxt ke riƙe shi, tsofaffin hannu sun san shi sarai, in allo ya hargitse shi ake sharewa komai ya koma yadda ya zo. To a watan Janairun 2015 Esri ta fito da ArcGIS Pro da ribon ɗinsa, ta bi sawun Microsoft da ta fara wanga salo a Office 2007, sannan a hankali ta daina ƙara wa ArcMap komai, na ƙarshe shi ne 10.8.2, ta kuma sanya 1 ga Maris 2026 a matsayin ranar ritayarsa. Ke nan duk wanda ya saba da ArcMap ya zo mararraba, ko ya bi Pro ya koyi ribon, ko ya tsallaka QGIS inda tulbobi suke nan daram. QGIS shi ma ba yaro ba ne, wani bawan Allah Gary Sherman ya fara shi a 2002, na 3.0 ya fito a Fabrairun 2018, kuma jerin na 3 ɗin nan ne nake aiki da shi, don haka duk abin da zan faɗa a kansa nake magana.

Aikin da ya sa na gane bambancin da kyau na gonakin shinkafa ne. Kowa ya san tun da anka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers nan Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 maganar auna gona ta zama ruwan dare, kowa na son ya san hekta nawa ne takamaimai, ba a yarda da ƙiyasin ido kamar da. Wata ƙungiyar manoma ta ba mu aikin zana iyakokin gonakin mambobinta a fadama tsakanin nan da Argungu. Yara su fita da safe da wayoyi da ɗan na'urar GPS su taka iyakar kowace gona tare da mai ita, da yamma su kawo mini, ni kuma in ɗora a kan hoton tauraron ɗan'adam in gyara. Wanda bai ga fadama daga sama ba ba zai gane wahalar ba, gonakin nan manne suke da juna, kunya ce siririya kawai ta raba su, wata gonar kamar tsinken tsire wata kamar ƙwaryar da ta fashe, kuma layin da GPS ɗin waya ke kawowa yana rawa, sai ka ga iyakar Alhaji wane ta hau kan ta maƙwabcinsa da taku uku. Dole ka bi gona-gona kana jan kusurwa, kana manna ta da ta kusa, kana raba wadda anka haɗe, kana aunawa, kana rubuta sunan mai ita. Abu shida ko bakwai ne kawai kake yi, amma kana maimaita su ba adadi.

A QGIS abin da na yi shi ne na danna daman maus a kan tulbobin, jerin sunayensu ya fito, na cire alamar duk wanda ba ruwana da shi. Na bar na zane, na bar na manyan kayan zane inda almakashin raba gona yake, na bar na maganaɗisu mai manna kusurwa da ta kusa, na bar na zagaya taswira da na aune-aune. Na zanen na kama shi na tsayar da shi a tsaye a gefen dama daf da taswira, saboda da dama nake riƙe maus kuma tafiyar ta fi gajarta. Bayan kwana uku wallahi idona ya daina zuwa wurin, ina kallon kunyar gona a allo hannuna ne kawai ke zuwa ya ɗauko kayan jan kusurwa ya dawo, kamar yadda wanzami ke zura hannu a zabira ya fito da askar da yake so yana ci gaba da hira. Harafin S a kibod ya kunna maganaɗisu ko ya kashe, in riƙe dogon maɓallin tazara in ja taswira gefe, in danna daman maus zane ya rufe, F6 teburin sunaye ya buɗe. Abin da ya fi mini daɗi shi ne babu abin da ke motsawa daga inda na bar shi, ko na taɓa hoton tauraro ko na taɓa leyar gonaki, wato shimfiɗar da gonakin ke zane a kanta, ko na buɗe teburi, almakashina yana nan inda yake jiya, yana nan inda zai kasance gobe in Allah ya kai mu.

Can tsakiyar aikin sai anka samo mana lasisin ArcGIS Pro na wani lokaci, saboda masu karɓar rahoton da shi suke aiki, sai na ce to bari in yi wani sashe da shi in gani da idona, gani ya kori ji.

Ranar farko abin da na lura shi ne kayan da nake buƙata ba a durowa ɗaya suke ba. Zane da gyara da ajiye gyaran suna tab ɗin Edit. In ina son in auna faɗin wata kunya sai na koma tab ɗin Map. In ina son in rage kaurin launin gonaki don in ga hoton da ke ƙasa sai na taɓa leyar tukun, sannan wasu sabbin tab su ɓullo a sama in shiga ciki, in na taɓa wani abu daban kuma su ɓace wasu su maye gurbinsu. In na koma shafin da ake tsara taswirar bugawa ribon ɗin ya sake kama. Kowane ɗaya danna guda ne kawai ya ƙaru, kuma in aikin sau biyar ne a wuni ba wanda zai damu, amma abin da danna gudan nan yake ci ba lokaci ba ne kaɗai, ido yake ci, dole ka ɗaga kai daga gonar da kake bi ka duba wane tab ne a buɗe yanzu, ka dawo ka nemi kusurwar da ka bari cikin kusurwoyi masu kama da juna. Zuwa azahar na ji gajiyar a bayan wuyana.

Kuma kada a ce na zalunce shi, akwai magani a ciki ga wanda ya nema. Can ƙololuwar allo akwai wani siririn layi da ba ya canzawa duk tab ɗin da kake, kana iya danna daman maus a kan kowane maɓalli ka ce a kai shi can, na kai ma'auni da ajiye gyara da almakashi, nan take numfashina ya dawo. Kana kuma iya shiga saitin ka ƙirƙiri tab naka na kanka ka tara duk abin da kake so a ciki, na yi ɗaya na sa masa suna Fadama. In ka fara zane wani ɗan ƙaramin tulba yana fitowa a ƙasan taswira da kayan zanen, riƙe harafin C yana ba ka damar jan taswira ba tare da ka ajiye kayan da ke hannunka ba, F2 ya rufe zane. Kuma ba sai ka kunna fensir kafin ka fara gyara ba kamar a QGIS ko tsohon ArcMap, a shirye yake kullum, wanda wannan sauƙi ne ga gwani amma ina jin tsoronsa ga sabon hannu da zai iya jan iyakar mutum bai sani ba. Sai dai ku lura da abin da na yi, duk gyaran da ya sa Pro ya zauna mini a hannu tulba ne na sake ginawa a cikin ribon. Tab ɗin nawa ma ba zan iya cire shi in tsayar da shi a gefen dama kusa da taswira ba, sama anka ce ya zauna kuma sama zai zauna.

Sai maganar fili. Yawancin laftof ɗin da yaranmu ke iya saye na hannu ne, allonsu 1366 da 768, faɗi akwai amma tsayi babu. Ribon daga tsayin yake ci, kuma da yawa yake ci, ka haɗa da layin sunan taswira da na ƙasa da na Windows sai ka ga gonar da kake aiki a kanta ta koma wata 'yar taga. Ctrl da F1 yana naɗe ribon ɗin filin ya dawo, amma kuma ka ƙara wa kanka danna ɗaya a kan kowane abu. A QGIS tun da tulba na iya tsayuwa a gefe sai ka ci daga faɗin da dama ya yi maka yawa, kana iya rage girman alamomin zuwa 16 ko ka ƙara zuwa 32 in ido ya fara rauni, Ctrl da Tab ya kwashe fanel-fanel ɗin gefe duka ya bar ka da taswira. A babban allo na ofis wannan duk ba magana ba ce, na ga Pro a kan irinsa kuma ya yi kyau ƙwarai, ribon ɗin ya baje kowane maɓalli da sunansa. A ƙaramin allo kuwa wasu rukunan matsewa suke su koma maɓalli ɗaya sai ka danna su zubo.

To amma akwai inda ribon ya kayar da ni, kuma a gaban idona anka yi.

Akwai wata ɗaliba da ta zo sanin makamar aiki wurinmu daga ɗaya daga cikin manyan makarantun jihar nan, yarinya mai natsuwa, ta iya Word da Excel sosai amma ba ta taɓa taɓa manhajar taswira ba. Na zaunar da ita gaban QGIS kamar yadda yake fitowa sabo, na ce ta sa sunayen ƙauyuka su fito a kan taswira. Na tsaya bayanta ina kallo. Ta kai maus kan alama ta farko ta jira ɗan rubutun ya fito ta karanta, ta matsa ta biyu ta jira, ta uku, haka take bi ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, alamomin nan kuwa sun fi hamsin kuma babu wadda anka rubuta suna a ƙarƙashinta. Can ta juyo ta ce, "Malam, don Allah wanne ne a ciki? Duk kamarsu ɗaya a idona." Washegari na ba ta aikin nan dai a Pro. Ta taɓa leyar ƙauyukan, tab ya fito a sama an rubuta Labeling ɓaro-ɓaro, ta shiga ta danna maɓallin farko sunaye sunka fito, ba ta tambaye ni komai ba. Abin nan da ke ɓata mini rai na tab ya fito ya ɓace, ita shi ne ya kama hannunta ya kai ta wurin. Daga ranar na daina cewa ribon ado ne kawai. Ko ni kaina, aikin da ba kullum nake yi ba, kamar ɗora tsohuwar taswirar takarda da anka yi sikanin a kan kodinet, wato lambobin da ke nuna ainihin wurin abu a doron ƙasa, na fi saurin gano hanyarsa a Pro, don tab guda ne ke buɗewa da kayan a jere daga hagu zuwa dama yadda aikin ke tafiya. A QGIS kayan wannan aikin ma sun taɓa tashi daga menun Raster sunka koma menun Layer, wanda ya bi tsohon darasi a YouTube sai ya yi ta nema inda babu.

Wani abu kuma da sai mai koyarwa zai gane shi, wato koyarwa ta waya. Yaro yana Yauri ko Zuru ya kira ka ya maƙale, in Pro ne sai ka ce shiga tab kaza, rukuni na uku, maɓalli mai suna kaza, kuma abin da ke gabanka shi ne ke gabansa. In QGIS ne sai ka ce danna maganaɗisu, ya ce Malam ni ban ga maganaɗisu ba, don tulban maganaɗisun a kashe yake a nasa, ko ya ja shi ya kai wani lungu, ko allonsa ya yi ƙanƙanta ya ɓuya bayan 'yar kibiya biyu ta ƙarshen layi. Kafin ku daidaita katin waya ya tafi. 'Yancin da ke sa kowa ya shirya allonsa yadda yake so shi ne ke sa allon mutum biyu ba ya zama ɗaya.

Mun sha wannan a ofis. Kwamfutar tebur ɗaya gare mu mai ƙarfi, kowa na hawa. Wata safiya na zo zan ƙarasa gonakin wani yanki, shugaban manoman zai zo karɓar takarda kafin azahar don yana da zama da masu ba da taki, na buɗe QGIS na tarar tulban zane babu shi, na aune-aune yana shawagi a kan taswira, ga wasu sabbin alamomi cike da layi na huɗu. Ashe ƙanena ne ya zauna da dare yana gwada fulogin-fulogin, wato ƙananan kayan ƙari da ake ɗora wa manhajar, kuma da yawansu in ka saka su sai su kafa nasu tulban su ture na kusa. Da na kira shi ya ce, "Yaya ka yi haƙuri, ban san zai taɓa naka ba, na ɗauka in na rufe komai zai koma." Ba laifinsa ba ne sosai, ban taɓa nuna masa ba. Dattijon nan ya iso ya same ni ina mayar da kaya wurinsu, na ce Baba a ɗan ƙara mini haƙuri, ya ce ba komai ɗana, ya zauna kan benci da carbinsa yana jira, ni kuwa kunya ta ishe ni don mutum ne da ya taso tun daga bakin gulbi a kan babur.

Ranar na koyi abin da ya kamata in koya tun farko, kuma shi ne babbar shawarata ga duk mai QGIS. A menun Settings akwai wurin furofayil, kowa ya buɗe nasa da sunansa, tulbobinsa da fulogin ɗinsa da saitinsa duk su zauna daban, wani ba ya taɓa na wani. Sannan akwai wurin gyaran fuskar manhajar inda za ka iya ɓoye maɓalli ɗaya-ɗaya har da menu sukutum, ka ajiye tsarin a ɗan fayil ka ɗora a wata kwamfutar. Da shi na yi wa sababbin ɗalibai furofayil na musamman, alamomi goma sha biyu kacal, manya-manya, ba ƙari. Ɗalibar nan da ta dawo kansa cikin sati guda ta fara zana gona ba ta neman kowa. Abin da QGIS na 3 bai ba ni kai tsaye ba shi ne in ƙirƙiri sabon tulba in jawo maɓallai daga wurare daban-daban in haɗa kamar yadda muke yi a ArcMap, ragewa kake yi daga abin da ke akwai, in kana son haɗa naka sai ka nemi fulogi ko ka iya ɗan rubutun Python. A nan kam Pro da tab ɗinsa na ƙirƙira ya fi shi sauƙi.

Duka biyun yanzu suna da akwatin nema, kuma yana rage rigimar nan sosai. A QGIS Ctrl da K ya kai ka ɗan akwatin da ke ƙasa ta hagu, ka rubuta farkon sunan abin da kake so ya fito. A Pro Alt da Q ne, akwatin yana sama. Amma sai ka san sunan abin da Turanci kafin ka neme shi, sabon hannu kuwa sunan ne bai sani ba.

Akwai wani ɗan abu a ƙasan allon QGIS ta dama da nake ganin ya fi tulbobin ma daraja a wurinmu, wato lambar tsarin kodinet da ke zaune wurin ko da yaushe. A tsarin UTM da ya raba duniya yanki-yanki, mu nan Kebbi yanki na 31 muke, lambarsa 32631, in ka tsallaka zuwa Gusau ka shiga na 32 lambar ta koma 32632. Tsofaffin takardun safiyo kuma da yawansu a kan ma'aunin Minna anka yi su, GPS ɗin waya kuwa wani ma'aunin daban mai suna WGS 84 yake bayarwa, in ka cakuɗa su ba ka lura ba iyaka na iya gocewa da mitoci masu yawa, abin da ya isa ya jefa rabin gonar mutum cikin ta maƙwabcinsa, kuma kun san abin da rikicin iyakar gona ke haifarwa tsakanin dangi. Da yake lambar tana gabana kullum, ido na faɗawa kanta ko ban yi niyya ba. A Pro kodinet ɗin inda maus yake suna fitowa a ƙasa, amma in kana son ka tabbatar da tsarin da taswirar ke kai sai ka buɗe bayananta. Danna biyu ne, amma abin da ke ɓoye mantawa ake yi da shi.

Maganar na'ura da kuɗi a gurguje. Pro a Windows kawai yake aiki, yana son RAM aƙalla 8GB kuma ya fi sakewa in ta fi haka nesa, yana son katin hoto mai kyau, lasisinsa da dala ake lissafa shi, kuma galibi sai ka shiga da sunanka ta intanet, ko da yake ana iya karɓo lasisin a riƙe shi a na'ura kafin a fita daji inda babu sabis. QGIS kyauta ne halak malak, yana hawa Windows da Mac da Linux, ka sauke shi sau ɗaya ka zuba a filashi ka raba wa aji guda, kuma tsohuwar laftof na ɗaukarsa, in an ɗauke wuta batir ya fi jimawa. Ta ɗaya ɓangaren Pro ya zo da abubuwan da ArcMap bai da su, taswirar bugawa da yawa a aiki ɗaya, ga 3D a wuri guda, kuma ma'aikatu da ƙungiyoyi da dama shi suke tambaya a takardar neman aiki, don haka ban taɓa ce wa yaro kada ya koye shi ba.

Wani abokin aikina da munka yi makaranta tare, shi Pro ya riƙe, ya ce mini duk wannan dogon bayanin nawa sabo ne kawai, kuma sabo turken wawa. Na yi tunanin maganarsa sosai don ba mutumin banza ba ne. Amsar da na ba shi ita ce sabon da hannu ya yi da wurin kayan aiki dukiya ce, shekaru anka zuba kafin a same ta, ita ce ke sa tela ya taka keke yana kallon zare ba ƙafarsa ba, kuma manhajar da ta bar ka ka ajiye kaya inda kake so ta bar su nan tana tattalin wannan dukiyar. Shi kuma ya ce to ai shi ma hannunsa ya saba da ribon har ba ya dubawa, yana danna Alt haruffa su fito a kan kowane tab ya bi su da kibod. Na kalle shi yana yi kuma gaskiya yana da sauri. Sai dai shi aikinsa nazari ne, yau taswirar ambaliya irin wadda ta cinye shinkafar jihar nan a 2020, gobe ta rijiyoyin burtsatse, jibi ta asibitoci, kullum kaya daban yake ɗauka, kabad mai suna a goshi shi ya dace da shi. Ni kuwa da yaran da ke zana gona ɗari-ɗari a ƙaramin allo, kaya bakwai muke ɗauka, mun fi son buhu a shimfiɗe.

Don haka lasisin da ya ƙare ban nemi a sabunta mini ba, na koma QGIS ɗina, rahoton masu Pro kuma ina tura musu fayilolin suna buɗewa lafiya lau. Sababbin ɗalibai ina fara su da furofayil ɗin nan mai alamomi goma sha biyu, in sun yi wata guda in buɗe musu sauran, wanda ya samu damar zama gaban Pro a wani ofis kuma ina ce masa ya zauna ya koya da kyau, abu na farko ya cika siririn layin nan na sama da kayan da ya fi ɗauka. Fayil ɗin tsarin nawa yana cikin filashin da ke maƙale da makullin babur ɗina, sati mai zuwa in Allah ya yarda za mu fara gonakin wajen Suru kuma kwamfutar da za su ba mu can ban taɓa ganinta ba, shi zan fara ɗorawa kafin in buɗe gona ko ɗaya.